Saukar ƙaramin jirgi cikin iska: wa ya taɓa gani da idonsa?

Baban Khalifa, Jos: Assalamu alaikum. Wurin aikinmu sun fara ɗauko hayar ƙaramin jirgi tsakanin Abuja da Heipang, inda filin jirgin saman Jos yake, ga shi hunturu ya kama, iskar Filato kuwa kun san halinta. Don Allah wanda ya taɓa kasancewa cikin irin jirgin nan iska ta ba shi wahala wurin sauka, ya ba mu labari. Abin da mutum ya gani nake so, ban da "an ce".

Maman Iklima: Wa alaikumus salam. Ni ya faru da ni a farkon damina, a wani ƙaramin fili da muka je aikin rigakafi. Hadari ya haɗo daga gabas, jirgin yana gangarowa a karkace, hancinsa na kallon gefe, har ta tagata nake hango titin da za mu sauka. Taya ta taɓa ƙasa, muka yi sama, muka sake buguwa, sai fiffiken dama ya sunkuya ya goge ƙasa, muka bar kwalta muka faɗa cikin ciyawa. Babu wanda ya rasu, alhamdu lillahi. Amma matar da ke gabana ta fasa goshi, don ta riga ta kwance bel tana laluben jakarta. Har yau ba na manta ƙamshin ɗanyar ciyawa da warin taya da suka cika jirgin da aka buɗe ƙofa.

Kaftin mai ritaya: Hajiya, Allah Ya ƙara kiyayewa. Karkacewar nan da kika gani daidai ce, haka aka koya mana a makarantar tuƙin jirgi ta Zariya: ka juya hanci cikin iska, dab da ƙasa ka miƙe shi da feda, ka sunkuyar da fiffiken ɓangaren da iskar ke fitowa. Matsalar tana wurin tsallen farko. Jirgi in ya yi tsalle haka, wuta ake ba shi a tashi a sake zagayowa, ba a danna shi ƙasa da ƙarfi. Kowane jirgi kuma da iyakarsa. Misali, ƙaramin jirgin nan Cessna 172, iskar gefe da aka gwada shi da ita kusan kilomita 28 ce a awa.

Baban Khalifa, Heipang tana kan tudu, kusan mita 1,290 sama da teku. Iskar can ba ta da kauri, saboda haka jirgi yakan taɓa ƙasa da gudu fiye da yadda zai yi a Legas, musamman da rana tsaka.

Abin da ya fi ci mini rai a aikin nan, wallahi, fasinja ne mai muƙami. Na taɓa fasa sauka sau biyu, wani babba ya leƙo yana cewa, "Kaftin, sauke mu haka nan, ana jirana wurin ɗaurin aure." Na juya da su Abuja. Bai gaishe ni ba da zai fita. A jirgin haya matuƙi yaro ne sau da yawa, yana tsoron kada a kai ƙararsa, kuma tsoron nan yana karya jirage.

Malam Sani, Gwagwalada: Gaskiya ne, Kaftin. Iska ko babban jirgi ba ta ƙyale ba. Ina aiki a hanyar filin jirgin Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006, na ga yadda gari ya rufe lokaci guda, itatuwa na kwanciya. Jirgin Boeing 737 na kamfanin ADC ya tashi zuwa Sakkwato ya faɗi wajen Tungar Madaki, mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Bincike ya ambaci iskar nan mai sauya alƙibla da ƙarfi farat ɗaya. Allah Ya jiƙansu.

Baban Khalifa, Jos: Amin. Kaftin, mu da ba mu riƙe da sitiyari, me za mu iya yi?

Kaftin mai ritaya: Ku nemi a sa tafiyar da sassafe, kafin rana ta dumama ƙasa iska ta fara buge-buge, da hunturu dai sai an duba hazo. Ku tambayi matuƙi abin da rahoton NiMet, hukumar hasashen yanayi, ya ce. Bel ya zauna a ɗaure tamau har farfela ta tsaya. In kuma kun ji inji ya ɗau ƙara jirgi ya sake yin sama, ku gaya wa ogan naku ya yi shiru, mintuna goma ne a dawo.