Na tsinci tsofaffin kan sarki a adakar kakanmu, ya zan yi da su?

Ɗan Kabi:
Salam jama'a. Muna gyaran ɗakin marigayi kakanmu a Argungu sai muka ci karo da wata adaka cike da wasiƙu, wasu tun zamanin Turawa, shi da ma akawu ne. Akwai kan sarki masu hoton Sarki Joji, akwai masu gyaɗa, har da na bikin kamun kifinmu na kobo 30. Ƙanena ya ce mu ɓanɓare su daga ambulan mu liƙa a littafi, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Wai da gaske akwai masu tara wannan abu har a yi gasa?

Malam na Gusau:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan tsoho. Ɗana don Allah ka riƙe hannun ƙanen nan naka, kada a ɓanɓare ko ɗaya! Ambulan da hatimin gidan waya a kai, mai sunan gari da kwanan wata, sau da yawa ya fi kan sarkin shi kaɗai daraja, don shi ke nuna inda wasiƙa ta fito da hanyar da ta bi. Ni na yi wannan kuskuren ina yaro, na jiƙa na mahaifina a ruwa na cire, har yau abin na mini ciwo.

Gasa kam ana yi sosai. A Landan akwai ƙungiyar masu tara kan sarki mai suna Royal Philatelic Society tun 1869, ƙungiyarsu ta duniya kuma, wato FIP, an kafa ta 1926, ita ke sa ido kan manyan nune-nune. Mutum zai jera kayansa a shafuka, shafi 16 a allo ɗaya, alƙalai su ba da maki cikin 100, kuma kaso mafi tsoka wato 35 na ilimi da binciken da ka yi ne da kanka, kyan jeri maki 5 kacal. To ka ga wanda ya zauna ya bi diddigin hatiman Birnin Kebbi da Yelwa da Ƙaura Namoda ya rubuta abin da ya gano, shi alƙalai ke nema, kuma wa ya fi mu sanin garuruwan nan.

Hajiya Zuru:
Na kamun kifin nan cikin jerin 1973 yake, shekarar da aka koma naira da kobo, an buga su da yawa, kar ka sa ran kuɗi a kansa. Amma duba da kyau ko akwai mai rubutun Northern Nigeria, waɗannan daga 1900 ne zuwa haɗewar Arewa da Kudu a 1914.

Ɗan Kabi:
Hajiya na duba, guda biyu ne masu wannan rubutun, ɗaya gefensa gara ta ɗan taɓa. Malam to ajiya fa? Damina ɗakin yana yin laima.

Malam na Gusau:
Fitar da su yau ɗin nan. Ba gam, ba salatif, kar ka sa a leda ka ƙulle don gumi zai kama su. Samo kwali mai tsabta ka jera su a tsaye wuri busasshe, hannu a wanke kafin a taɓa. Sannan ka ɗauki hoton kowane ambulan gaba da baya, ka rubuta garin da shekarar a littafi daban. Ka turo mini hoton biyun nan tukuna, ina son ganin hatimin.