GPS ta ce an iso, amma abin da ake nema ba ya wurin

Mai tattaki, Ƙofar Ƙaura

Salamu alaikum. Ga abin da ya fi damun masu fita tattaki da GPS ta hannu, da masu wasan jiyokashin, wato a ɓoye 'yar gwangwani a ba da lambobin wurin a nemo. An ba ka lambobi, ka shigar, ka bi kibiya har na'ura ta yi ƙara ta ce saura mita 0. Ka duba, ba rijiyar, ba dutsen, ba turken simintin. Wani sa'in abin yana taku goma gefe, wani sa'in sai an tsallake gona biyu. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gano, da irin na'urar da ke hannunsa. Tawa eTrex 10 ce.

Tsohon safiyo, Daura

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka zargi na'ura, auna girman kuskuren, shi zai gaya maka inda cutar take.

Idan kilomitoci ne, tsarin rubuta lambobin ne. Iri uku ake rubutawa: digiri da ɗigo kawai, digiri da minti, ko digiri da minti da sakan. Katsina tana wajen 12°59.400' arewa. Wanda ya ɗauki wannan ya buga 12.59400° ya sauka kusan kilomita 44 kudu da birni, domin minti 59.4 a lissafin digiri 0.99 ne, ba 0.594 ba. Minti ɗaya na arewa mita 1,852 ne, sakan ɗaya kusan mita 31. Don haka ko sakan biyu ka rubuta ba daidai ba, ka wuce gidan da ka nufa.

Idan tsakanin mita 80 ne zuwa 150, kuma kullum ɓangare ɗaya yake karkata, to datum ne, wato tushen da aka ɗora awon a kai. Tsofaffin taswirorin Najeriya da takardun fili da yawa a kan datum na Minna aka yi su, na'ura kuwa tana zuwa da WGS 84. Ka buga lambobin Minna na digiri a na'urar da ke kan WGS 84, a yankinmu za ta kai ka kusan mita 80 gabas da ainihin wurin. In lambobin UTM ne, wato masu ba da gabas da arewa a mita maimakon digiri, ya fi muni, ban da gabas ɗin za ta kuma ja ka kudu da sama da mita 100. Gyaran: shiga Setup, sai Position Format, sai Map Datum, ka zaɓi Minna, sannan ka buga lambobin. Bayan ka adana, mayar da ita WGS 84, ita da kanta za ta juya su. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya buga lambobin tukuna sannan ya canza datum. Wannan bai gyara komai ba, wurin da ba daidai ba ne aka sake wa suna.

Idan ƙasa da mita 15 ne, sararin sama ne ko yadda aka ɗauki wurin tun farko. Wannan na bar wa masu zuwa.

Malamin labarin ƙasa, Katsina

Baba ya gama magana a kan datum. Ƙari ɗaya: Katsina da Daura duk a shiyya ta 32P suke a tsarin UTM. Sakkwato tana 31P. A duba wannan lambar kafin komai. A cikin birnin Katsina lambar gabas tana wajen 348,000, ta arewa wajen 1,436,000. A Daura gabas wajen 426,000, arewa wajen 1,441,000. Duk takardar fili ta nan da lambobinta ba su yi kama da waɗannan ba, ba UTM ba ce, mai yiwuwa tsohon tsarin ƙasa ne mai ɗamara uku, wato shiyya uku, wanda mu muke cikin ta tsakiya. Kada a matsa su cikin na'ura da ƙarfi, a kai wa safiyo ya juya.

Malamar gona, Mani

Ni wajen ɗaukar wuri nake ganin ɓarnar. GPSMAP 64s muke aiki da ita wajen awon gonaki. Mutum zai kunna, da ya ga lambobi sun fito sai ya danna adana. Lambobin farko ba abin dogaro ba ne. Na'urar da ta yi makonni a kashe, ko aka yi doguwar tafiya da ita a kashe, sai ta sake karɓar jadawalin taurarin ɗan'adam, cikakkensa kuma minti goma sha biyu da rabi yake ɗauka. A ajiye ta a fili kamar rubu'in awa, ba a gindin bedi ko mangwaro ba.

Taurari huɗu ne mafi ƙaranci, amma huɗu ba su isa aikin kirki ba. Buɗe shafin taurari, jira sandunan su cika, lambar kuskure ta sauka zuwa mita 3 ko 4. Riƙo ma yana da tasiri: mai eriya a tsaye irin 64s a riƙe ta tsaye, eTrex kuma a ɗan kwance fuskarta na kallon sama. Kada a manna ta da ƙirji, jikin mutum yana tare rabin sama.

Wurin da za a ba wasu su nema, a yi masa Waypoint Averaging, wato auna wurin sau da yawa a fitar da matsakaici. A ɗora na'urar a kan wurin har ta cika kashi 100, a adana, a dawo bayan aƙalla minti 90 a ƙara. Garmin, kamfanin da ke ƙera su, sun ce a yi sau huɗu zuwa takwas. Dalilin jiran shi ne taurarin suna zagaya duniya sau biyu a rana, tsayuwarsu ta safe daban da ta la'asar.

A kuma tuna kuskure biyu ne ke haɗuwa. Wanda ya ɗauka yana da nasa mita 4, kai mai nema kana da naka 4, ga 8 nan ba wanda ya yi laifi. Shi ya sa nake hana mutane raba gardamar iyaka da ita. Gona mai hekta biyar za ta ba ka girmanta da kyau. Fili mai ƙafa 50 da 100 kuwa, faɗinsa mita 15 ne kacal, kuskuren mita 3 ya cinye kashi ɗaya cikin biyar.

Mai gyaran waya, Ƙofar Marusa

Mai eTrex 10, taka ba ta da kamfas na maganaɗisu. Daga tafiyarka take gane inda ka dosa. Da ka rage sauri ko ka tsaya, kibiyar sai ta fara juyi, kai kuma ka bi ta kana zagaye wuri ɗaya. Idan saura mita 20, daina kallon kibiya. Ja da baya taku talatin, taho a miƙe da sauri, lura da inda lambar nisa ta fi ƙanƙanta, aje dutse. Sake tahowa ta wani ɓangaren. Tsakanin duwatsun biyu za ka nema.

Masu kamfas, irin eTrex 32x da GPSMAP 64s da 65s, sai an saita shi duk lokacin da aka canza batir, kuma a yi nesa da mota, babur da ƙofar ƙarfe.

Batir: waɗannan masu arha na fitila ba sa riƙe ta, mutuwa take ana tsakiyar aiki. A sa alkalin na gaske ko NiMH mai caji, sannan a gaya mata irin da aka sa a wurin Battery Type, in ba haka ba ma'aunin cajin ƙarya zai yi. eTrex 10 an rubuta mata awa 25, 64s awa 16, hasken fuska yana rage wannan sosai. In za a ajiye ta, a cire batiran. Yawancin waɗanda ake kawo mani sun ƙi kunnuwa, farin gishirin batir ne ya cinye ƙarfen ciki. Ƙurar hunturu ba ta taɓa sigina, ramin USB da 'yar sandar dannawa take shiga. A riƙa rufe robar.

Mai tattaki, Ƙofar Ƙaura

Madalla. To amma me ya sa a filin idi take tsayawa cak, a lungunan wajen Gobarau kuma lambobin su yi ta yawo?

Injiniyan sadarwa, Katsina

Siginar daga nisan kilomita 20,200 take zuwa, ta iso ba ƙarfi. A lungu katanga ta tare rabin sama, abin da ya shigo kuma wani ya bugi rufin kwano ne ko bango kafin ya iso ka. Na'ura tana lissafi da lokacin da sigina ta ɗauka, wadda ta yi kwana ta fi daɗewa, sai a tura ka cikin gidan maƙwabci. Haka a gindin manyan duwatsun wajen Dutsin-Ma. Dabara: ɗauki wurin a sarari kusa, ka rubuta nisa da ɓangare, misali taku 12 yamma da kuka.

Kunna GLONASS, wato taurarin Rasha, tare da GPS yana ƙara yawan taurari, yana taimakawa a matsi. WAAS da EGNOS, masu aiko da gyaran kuskuren sigina, don Amurka da Turai aka yi gyaransu, ni kashewa nake.

Akwai kuma abin da ya shafi yankinmu. Muna kusa da layin tsakiya na maganaɗisun duniya, bayan faɗuwar rana saman iska yakan hargitse, musamman wajen Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba. Kada a ɗauki wuri mai muhimmanci tsakanin magariba da tsakar dare.

Sababbin na'urori: GPSMAP 65s ta 2020 da 67 ta 2023 suna sauraron zango biyu, L1 da L5. A lungu da gindin dutse bambancin a bayyane yake, layin tafiyarka ba ya tsalle. 67 batirinta a ciki yake, an rubuta awa 180. eTrex SE, ita ma ta 2023, batir AA biyu take ci, awa 168, amma ba taswira a cikinta.

Tsohon safiyo, Daura

Injiniya, ban musa ba, amma ga mai tafiya a filin ƙasarmu, inda sama take buɗe daga Daura har Mai'adua, ban ga dalilin da zai jefar da tsohuwa ba. Kuma wanda zai kwana biyu a ƙauyen da ba wuta, mai cin AA ta fi mashi, ko a teburin mai shago zai samu. Mai zango biyu ma, in datum ɗinta ba daidai ba, mita 80 ɗin nan tana nan.

Mai jiyokashin, Dutsin Safe

Wasan ma a kan maganar kuskuren GPS ya samo asali. Kafin Mayun 2000 Amurka da gangan take gurɓata siginar farar hula, kuskure ya kai mita 100. Da aka cire a farkon watan, ranar 3 ga Mayu Dave Ulmer ya ɓoye bokiti na farko a jihar Oregon ya ba da lambobinsa. Tsarinmu digiri da minti ne mai lamba uku bayan ɗigo, a kan WGS 84. Lambar ƙarshe kusan mita 2 ce.

Da ka shiga mita 10, sa na'urar a aljihu ka nemi abin da bai zauna daidai ba: duwatsu uku da aka jera, kogon itace da aka toshe da ɓawo. A ƙa'ida ba a binnewa, don haka ba haƙa. Tsakanin ɓoyo da ɓoyo aƙalla mita 161. Kada hannu ya riga sanda shiga rami, kunama da kububuwa irin wurin suke so.

Sau da yawa a nan na'ura ta yi daidai, gwangwanin ne aka ɗauke. Yara masu kiwo sun fi kowa ido. Wanda kuma ya tsinci roba a ƙunshe a kogon tsamiya, asiri zai fara zato, ko abin fashewa. A sa roba mai gani-har-hanji, a rubuta bayani da Hausa, boko da ajami, a nemi izinin mai wuri, a gaya wa mai unguwa. A nisanci maƙabarta, masallaci, shingen jami'an tsaro, da wuraren tarihi irin Kusugu da Durɓi-ta-Kusheyi, can lambobi kawai ake ɗauka da izinin masu kula. Wajen dajin Rugu kuwa ba wurin wasa ba ne a wannan hali.

Malamar gona, Mani

Yaya mai tambaya, yi wannan gwajin kafin fita ta gaba. Zaɓi wuri ɗaya a fili kusa da gida, kafa ƙusa ko ka yi alama a siminti, yi masa awo huɗu a rana biyu, ka adana. Duk ranar fita, tsaya a kansa minti biyu ka ce ta kai ka can. In ta nuna mita 5 ko ƙasa, lafiyarta lau, ka tuhumi lambobin da aka ba ka. Wanda kuma zai turo maka lambobi, ce ya ɗauki hoton fuskar na'urarsa da na shafin datum ya turo, kada ya kwafa da hannu.