Sabon injin wankin kwanuka yana barin tuwo a jikin faranti: laifin injin ne ko na ruwa?

Uwargida_Aboabo ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata guda ke nan da muka sa sabon injin wankin kwanuka, mai faɗin santimita 60, kwando biyu. Cokula da kofunan gilashi suna fitowa fes, amma kwanukan tuwo da banku in ka shafa sai ka ji gari-gari a jikinsu, musamman na kwandon sama. Robobin da aka zuba wa miyar manja kuwa sun rine ja. Sau biyu yana tsayawa ana tsakiyar aiki, alamar famfo tana ƙiftawa. Ruwanmu daga politanki yake, a kan ƙarfe mai tsayin mita uku a tsakar gida. Famfo ke cika shi, in ya ɗauke mu jawo na bohol. Shirin Eco, mai tsimin wuta da ruwa, muke sa wa, da ƙwayar sabulu ɗaya. Ramin gishiri ba mu zuba masa komai ba. In mayar da shi tun garanti bai ƙare ba, ko mu ne ba mu iya ba? Sannan wutar nan tamu mai zuwa da ɗaukewa, me ya kamata a sa masa?

Fulamba_Asawase ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki yi saurin mayar da shi. Ko wani aka kawo aka ɗaura a wannan bututun, abin da zai yi ke nan. Alamar famfon da ke ƙiftawa ta gama faɗa miki: ruwa ba ya isar sa.

Injin ba da ƙarfin ruwan famfo yake wanki ba. Yana ɗibar lita 3 zuwa 4 ne ya tara a gindinsa, sai nasa injin na ciki ya riƙa tura wannan ruwan cikin fankokin nan biyu masu ƙananan huduji, ɗaya a ƙasa, ɗaya a ƙarƙashin kwandon sama. In ya gama ya zubar ya ɗebi sabo, kamar sau uku, shi ya sa wanki gaba ɗaya yake cin lita 9 zuwa 12 kacal. To amma yana da lokacin da aka ƙayyade masa ya cika. In ruwa yana zuwa a sanyaye, ko dai ya tsaya ya nuna alama, ko ya ci gaba da ruwan da bai kai ba. A nan ne injin turawar yake haɗa ruwa da iska, za ki ji sautinsa yana hawa yana sauka kamar mai shaƙuwa, kuma fankar sama ce take fara rasa ƙarfi don ita ce nesa. Ga dalilin da ya sa kwandon sama ya fi fitowa da datti.

Lissafin mai sauƙi ne. Matsin ruwa ana auna shi ne da "ba" (bar), kuma kowane mita 10 na tsayin ruwa yana ba da ba 1. Littafin yawancin injinan nan yana neman aƙalla ba 0.5, wato mita 5 daga saman ruwan da ke cikin tanki zuwa bakin injin. Wasu sun yarda da 0.3, wasu sai 1, ki duba shafin da aka rubuta awo a littafin naki. Tankinki a mita uku, in ya cika taf kina da kamar 0.4, in ya yi ƙasa kuwa 0.3, kuma ba a cire abin da bututun rabin inci da gwiwoyinsa suke ci a hanya ba. Na san sau biyun da ya tsaya, ko tanki ya yi ƙasa ne ko wani ya buɗe famfon banɗaki.

A gwada haka: a rufe famfon da ke bayan injin, a kwance tiyon, a tara bokiti mai lita 10, a buɗe famfon gaba ɗaya a duba agogo. Ana son ya cika cikin minti ɗaya. Tunda an kwance, a leƙa bakin tiyon, akwai 'yar rariya ƙarama a ciki. A zaro ta da filaya a hankali a wanke da tsohon buroshin haƙori. Lakar gindin tanki da yashin bohol nan suke fara taruwa, kuma wata ɗaya ya ishe su su toshe ta, balle da damina.

In bokiti ya wuce minti biyu bai cika ba, maganinsa busta ce, wato ƙaramin injin da ke ƙara wa ruwa ƙarfi a bututu. Ƙarama mai wat 100 zuwa 120 da ake ɗaurawa a layin kicin kaɗai tana ƙara kusan ba 1, ta wadatar. In ana son gidan duka ya amfana, sai mai ƙarfin rabin doki (0.5 HP) da kan da ke kunna ta da kansa in an buɗe famfo. A sa matatar laka mai inci 10 bayan bustar, ba gabanta ba, kuma a zaɓi mai maikuron 20 zuwa 50 (maikuron shi ne awon girman hudujinta). Mai maikuron 5 tana tace ruwa sosai amma tana shaƙe shi, sai a koma gidan jiya.

Tiyon fitar da ruwa ma a duba. Dole ya hau sama, ya lanƙwasa a ƙarƙashin sinki tsakanin santimita 40 da 100 daga ƙasa, kafin ya shiga magudana. In an shimfiɗa shi a ƙasa kawai, ruwan sinki yana iya komawa cikin injin, ga wari.

MamanYara_Tafo ta rubuta:

Hajiya, ki bi abin da Malam ya faɗa, amma ko ruwan ya gyaru, banku da tuwo suna da nasu hali. Waɗanda suka tsara shirin Eco ba su yi shi don kwanon da aka ci tuwo da ayoyo da rana aka bar shi sai dare ba. Eco yana wanki ne a digiri 50, yana ɗaukar awa uku zuwa huɗu. Tuwo, banku, dokunu, tuwon shinkafa, koko, duk sitaci ne, in ya bushe sai ya zama kamar gam. Abin da kike ji gari-gari shi ne wanda ya saki daga wani kwano, ya yi ta yawo a cikin ruwan, ya sake manne wa wani kwanon ya bushe da zafi.

A kankare kwano tas da cokali ko mara kafin a sa. In ba za a kunna injin nan take ba, akwai ɗan gajeren shiri na ɗauraya da ruwan sanyi, minti 10 zuwa 15, babu sabulu, shi zai hana bushewa. Ranar tuwo ko miyar gyaɗa a sa shirin mai hoton tukunya, digiri 65 zuwa 70. Eco a bar wa kofunan shayi da farantin waakye.

Jeri ma yana da ruwa a ciki. Kwanukan samira masu zurfi a kifa su a karkace, kada ɗaya ya shige cikin ɗaya. Babban tire kada a tsayar da shi a gaba daf da ƙofa, yana tare murfin sabulu, sai a gama a tarar da ƙwayar a liƙe ba ta narke ba. Kafin a rufe a juya fankokin biyu da hannu, in ludayi ko hannun tukunya ya tare ɗaya, wankin ya tashi a banza. Kwandon sama a yawancinsu yana ɗaguwa ko ya sauka, akwai maɓalli a gefensa.

Rariyar gindin injin a murɗa ta hagu a cire, a wanke a famfo. Littafi zai ce lokaci-lokaci, amma da irin girkinmu sau biyu a mako ne. Ƙwayar barkonon shito, 'ya'yan kuɓewa da ƙayar kifi su ne masu shigewa hudujin fanka, sai a zare fankar a tsokale su da tsinken sakace.

Jan da ke jikin roba kuwa ba datti ba ne, launin manja ne ya shige cikin robar, kuma zafi yana daɗa kama shi. A goge maiƙon da takarda kafin a sa, wanda ya riga ya rine a shanya a rana kwana ɗaya ko biyu, zai dushe. Roba ba ta bushewa sosai a injin ko da lafiyarsa ƙalau, don ba ta riƙe zafi kamar tangaran. A ɗan buɗe ƙofar bayan an gama.

Abubuwan da ba a sa wa: tukunyar dalma, sabulun injin yana da kaifi, zai mayar da ita toka-toka. Muciya da duk wani abu na itace, tsagewa suke yi. Asanka ma haka, ƙasa ce, tana shan sabulu. Kula mai riƙe zafi a wanke ta da hannu.

ƊanNima ya rubuta:

Ni dai a ganina a ɗauraye komai da sabulun ruwa kafin a jera, shi ke nan an huta da maganar gari-gari.

MamanYara_Tafo ta rubuta:

A'a Yaya, wannan ita ce hanya mafi sauri ta kashe wa mutum inji. Sabulun wanke-wanke na hannu kumfa yake yi, na injin ba ya yi. Ko ɗan abin da ya rage a jikin kwano ya isa ya tayar da kumfa ta malala zuwa tiren da ke can ƙarƙashin injin. A can akwai ɗan abu mai iyo, da ya ɗaga sai injin ya ɗauka yoyo ne, ya rufe shigar ruwa ya yi ta zuƙewa ba tsayawa. A injinan Bosch alamar da ke fitowa a allo ita ce E15. Ban da haka, shirin Auto, wanda injin ke saita kansa, yana duba dauɗar ruwan farko ne ya yanke zafi da tsawon wankin, in ya ga ruwan garau sai ya taƙaita. Kankara dai, ba wanki ba. In za a wanke da hannu, me aka sayi injin ya yi?

MaiWaya_Alabar ya rubuta:

Hajiya, maganar wuta. Injin yana ɗumama ruwansa da kansa, hitarsa tana jan wat 1,800 zuwa 2,200, wato kusan am 10 (am shi ne awon wutar da abu ke ja) a kan bolt 230. Wanki ɗaya yana cin kamar yunit 1 a mita a shirin Eco, na digiri 70 kuwa ya kai yunit ɗaya da rabi. Soket nasa shi kaɗai, mai am 13, da wayar milimita 2.5, ban da ekstenshan, ban da haɗa shi da ketil. Wayar at, mai kai yoyon wuta cikin ƙasa, ta zama tana aiki da gaske, a sa a auna, don ƙarfe ne da ruwa da hannun mutum. In allon gidan ba shi da makashin yoyon wuta mai miliyam 30, a ƙara.

Ɗaukewar wuta ba ta cika yi masa illa ba. Yawancinsu suna tuna inda suka tsaya, in ta dawo su ci gaba, a bar ƙofar a rufe kawai. In ta daɗe har ruwan ya huce, gara a sake shirin daga farko da sabuwar ƙwaya. Dawowarta ce abin tsoro, don takan zo da ƙarfi ta ƙona allon kwamfutarsa, wanda yana cikin kayansa mafiya tsada. A sa gadi mai jinkirta kunnawa na 'yan mintoci, amma a karanta jikinsa: da yawa daga na firiji am 5 ne, wannan zai narke. Mai am 13 ake nema. In unguwarku wutar takan yi ƙasa da yamma, sitabilaiza mai kVA 5. Ƙaramin janareta na fanka da talbijin ba zai ɗauke shi ba.

Abin da mutane ba sa tunawa: kyankyaso da ɓera. Gindin injin akwai ɗumi da danshi, kyankyaso yana shiga allon ya haɗa wuta, ɓera yana gwaguyar tiyo. A toshe ramin da bututu ya ratsa bango da siminti ko ragar ƙarfe.

Gishiri: aikinsa a injin shi ne taimaka wa matatar cikinsa ta rage nauyin ruwa, wato farar ƙasar da ke narke a cikinsa. Ruwan Barekese da Owabi da ke ba Kumasi ruwan famfo ruwan dam ne, ba shi da nauyi, wanda yake kan famfo zalla sau da yawa ba ya buƙatar gishiri. Bohol kuwa kowanne da halinsa. A gwada da 'yar takardar awon nauyin ruwa, wasu injinan suna zuwa da ita a kwali. In ta nuna 6 ko ƙasa a ma'aunin nauyin ruwa na dH, a saita injin a matakin ƙarshe na ƙasa, fitilar gishiri za ta mutu. In ta haura, a cika ramin da ruwa a karon farko, a zuba kamar kilo 1 na gishirin injin mai tsakuwa, a kunna wanki nan take don wanda ya zube kada ya ci ƙarfen. Ban da gishirin miya, yana da sinadarin hana dunƙulewa da ke lalata matatar cikin injin. In jan tsatsa ne bohol ɗinku yake bari a jikin bokiti, wannan ƙarfe ne a ruwan, gishiri ba ya maganinsa, sai matata ta daban kafin tanki.

Uwargida_Aboabo ta rubuta:

Allah ya saka da alheri. Mun gwada, bokitin lita 10 ya ɗauki minti uku da 'yan daƙiƙu, kuma 'yar rariyar tiyon ta toshe da jar laka. Bayan an wanke ta an sa kwanukan jiya a digiri 70, kwandon ƙasa ya fita sarai, na sama saura kaɗan. Malam, bustar za ta ɓata mana garanti ne?

Fulamba_Asawase ya rubuta:

Ba za ta ɓata ba Hajiya, a jikin bututun gida take, ba a taɓa injin ba. Hasali ma ita za ta kai ruwan ga awon da littafin ya nema, don in mai gyaransu ya zo ya tarar matsi bai kai ba, zai rubuta cewa matsalar daga wajenku take. Abin da ke ɓata garanti shi ne kwance murfin gindi ko yanke filogi. Rasit da katin a ajiye su wuri ɗaya.

Minti uku ya yi yawa ƙwarai ko ga tanki mai mita uku. Kafin a sayi busta, a duba ɗan famfon da ke bayan injin, wani lokacin ƙofarsa ce ƙarama ko ba a buɗe shi duka ba, a kuma bi layin a ga ko akwai tsohon bututun ƙarfe da tsatsa ta cike. Tankin ma a wanke gindinsa. In an ɗaura bustar a sake gwajin bokitin, sannan a yi wanki ɗaya babu kaya a digiri 70 da maganin wankin injin, don maiƙo da sitacin da suka taru wata guda su fita. In bayan wannan bokiti yana cika a minti ɗaya amma fankar sama ba ta juyawa, a nan ne za a kira su. Yadda za ki gane: ki saita fankar tana kallon ƙofa, ki kunna, bayan minti biyar ki buɗe a hankali ki ga ko ta gusa. Ki maimaita sau biyu, don wasu injinan suna ba fankokin ruwa bi da bi ne.