Na sabunta burauza, bakof ya ce duk fayilolina sun canza

Mai_Kwafi_ƘofarƘaura:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon buga takardu a Katsina, yawancin aikina furojet ɗin ɗaliban jami'a ne. Kowane dare kafin in rufe ina kwafe foldar aiki zuwa filash da wata manhajar bakof, kuma a da abin da aka taɓa a ranar kaɗai take ɗauka, nan da nan ta gama. A ƙarshen Oktoba na sabunta burauzata. Tun daga nan manhajar ke cewa kowane fayil ya canza, har waɗanda ban buɗe ba tun kafin babbar salla. Na duba, girman fayil bai canza ba, amma lokacin da ke kan filash ya ɗara na kwamfuta da awa ɗaya cif. Janareta na shan mai ina zaune ina jiran kwafi. In cire burauzar in mayar da tsohuwa?

Ɗan_Layi:
Wa alaikumus salam. Oga kada ka cire. Abin da sabuntawa kan taɓa shi ne foldar burauzar kanta. In Firefox ce, fayil irin su places.sqlite da cookies.sqlite kullum cikin canzawa suke, kuma gara a rufe ta kafin bakof. Amma me ya haɗa ta da takardun Word na ɗalibai? Ka duba batirin agogon ciki, CR2032.

Injiniyan_Daura:
Da batiri ne ya mutu, da kwanan wata zai koma shekarun baya, ba awa ɗaya ba. Malam, tambaya biyu: kwamfutar ta hannu ce daga waje? Kuma tsarin ajiyar fayil na filashin FAT32 ne? Danna dama a kansa ka shiga Properties za ka gani.

Mai_Kwafi_ƘofarƘaura:
FAT32 ne Injiniya. Kwamfutar kuwa 'yar Ingila ce, a Kano na saye ta. Ka ma tuna min, a makon da na sabunta burauzar agogonta ya koma baya da awa ɗaya, na gyara da hannu.

Injiniyan_Daura:
To ai ga ɓarawon nan. Kwamfutarka har yanzu tana kan lokacin Landan. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, agogon Ingila daidai yake da namu, shi ya sa ba ka ga komai ba. Da suka ja nasu baya sai ta bi su, mu kuwa Najeriya ba ma taɓa agogo, UTC+1 muke rani da damina, wato awa ɗaya gaba da UTC, lokacin da duniya ke auna agogo da shi.

Abin da ya rikita bakof: diskin cikin kwamfuta, mai tsarin NTFS, yana rubuta lokaci da UTC, FAT32 kuma yana rubuta abin da agogo ya nuna a lokacin, ba ya ajiye yankin lokaci. Da yankin ya motsa, sai lissafin biyun ya saɓa. Sabunta burauzar faɗuwa ce kawai ta zo daidai da zama.

Shiga saitin Date & time, ka zaɓi West Central Africa, sannan ka bar Windows ya daidaita agogon daga intanet don ya goge gyaran hannun da ka yi. Tsofaffin fayiloli za su koma daidai. Waɗanda aka kwafa bayan Oktoba za su sake kwafuwa sau ɗaya, ka ƙyale su.

Wani abu kuma, FAT32 da sakan bibbiyu yake ƙirga lokaci. In da robocopy, umarnin kwafi na Windows, kake aiki, ƙara /FFT don ya ƙyale bambancin sakan biyun. Ni dai da filashina ne, NTFS zan mayar da shi tunda Windows kaɗai kake amfani da shi, ga kuma FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai 4GB. Amma kwashe kayan ciki tukuna, fomat ba ya barin komai.

Mai_Kwafi_ƘofarƘaura:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Na canza yankin, daren jiya aikin ranar kaɗai ta ɗauka da 'yan na Nuwamba. Fomat ɗin sai ɗalibai sun gama karɓar aikinsu.