Jinyar ƙurajen herpes na gaba da haske: abin da aka tattauna

Jama'a, maganar ko haska wurin da haske yana maganin herpes na gaba, wato cutar da ke fitar da ƙuraje a al'aura, ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Kowa ya yarda cewa herpes ba ya warkewa kwata-kwata. Ƙwayar cutar tana ɓuya a jijiya, ta lafa, ta sake tasowa. Haske ba ya fitar da ita daga can.

2. A kan hasken leza mai sauƙi, wato siririn haske marar ƙarfi da wata na'ura ke fitarwa, aka rabu. Wasu sun ce yana rage raɗaɗi, gyambo ya bushe da wuri. Wasu suka ce yawancin gwajin a kan ƙurajen leɓe aka yi, ba na gaba ba, kuma na'urar tana da wuyar samu a nan Damagaram. Ni ina tare da waɗannan na biyun.

3. Shanya wurin a rana ko kara masa fitila mai zafi, don Allah a bari. Fatar wurin ba ta da kauri, ƙuna ce kawai za ta ƙaru.

4. Mafi yawa sun tsaya kan maganin sha, aciclovir ko valaciclovir, a fara sha tun wurin yana ƙaiƙayi. Likita ya fara dubawa, don tunjere ma yana kawo gyambo.

5. A dakatar da saduwa har ƙurajen su warke. Mai ciki ta gaya wa ungozoma tun a awo.