Neman shawara: wace tabar lofe ce ta dace da wanda ba ya jure yaji?

Mai tambaya, daga Hambug

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Ina zaune a ƙasar Jamus, kuma na jima da barin sigari na koma lofe, wanda nake sha da yamma idan na dawo daga aiki. Abin da ya kawo ni gabanku shi ne, har yanzu ban sami haɗin tabar da ya karɓe ni ba. Gwangwanin farko da na saya an rubuta Virginia da Perique, wato irin ganyen tabar da ke ciki, a jikinsa, kuma rabin farko na kowane cikin lofe lafiya lau nake shan sa, amma da zarar wutar ta yi ƙasa sai yajin masoro ya cika mini hanci, in yi ta atishawa har idanuna su kawo ruwa. Na biyun irin haɗin Ingila ne, mai Latakia da Oriental da Virginia da ɗan Perique. Ƙamshin hayaƙin itacen da ke cikinsa ya yi mini daɗi ƙwarai, sai dai yana bar mini ƙaiƙayi a maƙogwaro. Da na ga haka sai na koma kan mai ƙamshin banila, wanda bai taɓa hancina ba ko kaɗan, amma washegari na tashi da harshe a ƙone, ko ɗanɗanon shayi ba na ji.

Ni dai ko a abinci ba na jure barkono. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan harka su faɗa mini wane ganye ya kamata in guje wa, kuma wane haɗi zan nema, domin gwangwani mai giram 50 ba araha yake ba a nan, kuma ba na son in ci gaba da tara waɗanda ba zan iya ƙarasawa ba.

Amsar wani dattijo daga Landan

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bayaninka ya nuna cewa abubuwa uku daban ne suka same ka, wato atishawa da ƙaiƙayin maƙogwaro da ƙunar harshe, kuma idan ka haɗa su wuri guda ka nemi magani ɗaya, za ka yi ta kashe kuɗi ba tare da ka gane inda gizo ke saƙar ba.

Abin da ya sa ka atishawa Perique ne, babu ko shakka. Ganye ne da ake sarrafawa a yankin St. James na jihar Luwiziyana a Amurka, a gaɓar kogin Misisipi. Bayan an shanya shi, ana cusa shi a gangunan katako, a danne shi da maɗanni mai ƙarfin gaske har ruwan jikinsa ya fito, a bar shi ya jiƙu a cikin ruwan nasa, lokaci zuwa lokaci a fito da shi ya sha iska a mayar, har tsawon shekara guda ko fiye. Abin da ke fitowa baƙin ganye ne mai ɗanɗanon busassun 'ya'yan itace da yajin masoro, shi ya sa kaɗan ake zubawa a haɗi, kamar daddawa a miya. Mutane sun bambanta a kansa: wani zaƙin kawai yake ji, wani kuma yajin ne ke fara dukan hancinsa, musamman idan yana fitar da hayaƙi ta hanci. Kai kana cikin kashi na biyu, kuma ban ga dalilin da zai sa ka tilasta wa kanka sabawa da shi ba don kawai wasu suna yabonsa. Saboda haka ka bar Escudo Navy De Luxe da Elizabethan Mixture da Nightcap ga masu son su, domin duka ukun suna ɗauke da shi. Ko Orlik Golden Sliced, wanda ake yawan ba sababbin shiga, akwai ɗan Perique a ciki.

Ƙunar harshe kuwa wani lamari ne na daban, kuma yawanci ba laifin irin ganyen ba ne. Taba mai ƙamshin banila da makamantanta tana zuwa da laima sosai saboda abubuwan da ake fesa mata, kuma idan ka kunna ta a jiƙe za ta riƙa mutuwa, kai kuma ka riƙa zuƙa da sauri don kada ta mutu. Tururin da ke tasowa daga nan shi ne ke dafa harshe. Wanda ya fito daga sigari ya fi kowa faɗawa wannan, domin hannunsa da bakinsa sun saba da gaggawa. Ka baza abin da za ka sha a kan takarda na minti 20 zuwa 30, har sai ka matse shi da yatsu ka saki ya warware maimakon ya dunƙule. Kada ka danna shi da yawa a cikin lofen, ka riƙa zuƙa a hankali, kuma idan kan lofen ya yi zafin da ba za ka iya riƙe shi a tafin hannu ba, ka ajiye shi ya huce. Sake kunnawa ba abin kunya ba ne.

Shawarata ita ce ka fara da Virginia zalla. Ganye ne da ake busarwa da zafin bututu a cikin rumbu ba tare da hayaƙi ya taɓa shi ba, yana da sukari da yawa, ɗanɗanonsa na ciyawa ne da burodi. Capstan mai shuɗin gwangwani da Full Virginia Flake na kamfanin Samuel Gawith da ke garin Kendal babu Perique a cikinsu. Amma ka sani cewa Virginia ma tana cizon harshe idan aka matsa mata, kuma na Gawith ɗin yana zuwa a jiƙe, sai ka ba shi lokaci ya sha iska fiye da sauran.

Amsar wani ɗan'uwa daga Ohayo

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara girma, amma da izininsa zan ɗan saɓa masa a wuri guda. A ganina mutumin da harshensa ya riga ya ƙone bai kamata a fara tura shi ga Virginia ba, domin tana buƙatar haƙurin da sabon shiga bai kai ga samu ba tukuna. Na fi ganin ya fara da Burley, wanda ake shanyawa da iska kawai, kusan babu sukari a cikinsa, yana ci da wuta salin alin, kuma ɗanɗanonsa ya fi kama da na gyaɗa da koko. A nan jihar aka gano irin da ake kira White Burley a 1864. Carter Hall da Prince Albert su ne sanannun haɗe-haɗensa masu sauƙi, ko da yake Malam zai fi samun su a Amurka fiye da Turai. Idan bai samu ba, ya tambayi mai shago haɗin Burley mai laushi wanda babu Perique a ciki. Gaskiya ne akwai waɗanda Burley ke cizon harshensu fiye da Virginia, shi ya sa gwaji ne kaɗai zai raba gardama.

Abin da ya kamata ya kiyaye shi ne kalmar Kentucky a jikin gwangwani. Sau da yawa tana nufin ganyen da aka busar da hayaƙin itace a rumbu, mai nauyin nikotin da kaifi a maƙogwaro, kuma wanda bai jure Perique ba da wuya ya ji daɗinsa.

Sannan Malam, lofe nawa gare ka? Idan guda ɗaya ne ka sha duk waɗannan a cikinsa, to itacen ya riga ya sha ɗanɗanon Perique da Latakia, kuma duk abin da ka zuba daga baya sai ya ɗauko wani abu daga ciki, har ka zargi ganyen da bai yi maka komai ba. Ka sayi lofen totuwar masara na Missouri Meerschaum, kamfanin da ke yin su tun 1869. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma da shi za ka gwada sabon ganye a kan tsabta.

Amsar wani daga Kano

Malam, kada ka yanke ƙauna daga haɗin Ingila tunda ka ce ƙamshinsa ya yi maka. Wannan ƙamshin na Latakia ne, ganyen da ya samo sunansa daga garin Latakiya na gaɓar tekun Siriya, ko da yake yawancin wanda ke kasuwa yanzu a tsibirin Kubrus ake turara shi da hayaƙin itace. Warinsa ya fi ƙarfinsa, domin a baki yana da sanyi kuma ba ya saurin cin wuta. Early Morning Pipe da My Mixture 965, waɗanda a da suke fitowa da sunan Dunhill yanzu kuma da sunan Peterson, suna da Latakia da Oriental ba tare da Perique ba. Abin lura kawai shi ne ganyen Oriental na Turkiyya da Girka da Bulgeriya, wanda ake shanyawa a rana, shi ma yana da ɗan kaifi da bushewa a maƙogwaron wasu. Idan ka sha ɗaya daga cikin waɗannan biyun ƙaiƙayin bai tafi ba, ka san Oriental ne, sai ka nemi haɗin da baƙin ganyen nan da ake kira Black Cavendish ya fi yawa a cikinsa, domin dafa shi da ake yi da tururi yana kashe masa kaifi.

Amsar wata likitar haƙori

Ɗan'uwa, ni ba a kan zaɓen ganye zan yi magana ba. Hayaƙin lofe, ko ba a haɗiye shi zuwa huhu ba, yana daɗewa a kan leɓe da harshe da dasashi, kuma yana ƙara haɗarin kansar baki da ta maƙogwaro. Rashin yaji a ganye ba ya rage wannan, matatar gawayi da ake sakawa a bututun lofe ma ba ta kawar da shi. Ƙunar harshe ta tururi takan warke cikin 'yan kwanaki idan an huta. Amma gyambon da ya wuce mako 3 bai warke ba, ko farin tabo ko ja da ba ya gogewa, ko dushewar murya da ta ƙi tafiya, ka kai wa likita ya duba ba tare da jinkiri ba. Kada ka sake kunna lofe a kan harshen da bai warke ba.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Likita, na ji gargaɗinki kuma zan kiyaye. Lofena guda ɗaya ne, kuma yana da gurbin matata mai milimita 9, amma na cire ta saboda an ce tana rage ɗanɗano. Baba, in mayar da ita ne? Kuma tsakanin Virginia da Burley da haɗin Ingila, da wanne zan fara?

Dattijon Landan

Ka mayar da ita. Galibin lofen da ake sayarwa a Jamus da wannan gurbin ake yin su, kuma kamfanin Vauen na Nurembag yana yin matatar gawayi tun shekarun 1930, saboda haka ba za ta yi maka wuyar samu ba. Gaskiya ne tana rage ɗanɗano kaɗan, amma tana tsotse laima tana kuma tausasa kaifin hayaƙin, wanda shi ne abin da kake nema. Ka riƙa canza ta bayan kowane sha ko biyu, domin jiƙaƙƙiyar matata ta fi rashinta muni. Shan lofe mai gurbi babu matata kuma babu abin cike gurbin yana sa ruwa ya taru a bututun.

Game da wanda za ka fara da shi, na yarda da ɗan'uwanmu na Ohayo: idan harshenka ya warke, ka fara da Burley a sabon lofen totuwa, ka tsaya a kansa shi kaɗai na mako guda kafin ka koma kan Virginia, sannan haɗin Ingilan da babu Perique ya zo a ƙarshe, a tsohon lofenka bayan ka goge bututunsa da tsinken goge lofe. Idan shagon yana sayar da taba a awo, ka karɓi kaɗan daga kowanne maimakon cikakken gwangwani. Gwangwanayen da ka riga ka buɗe kuma kada ka zubar. Ka juye su a kwalba mai murfin da ke rufuwa ruf don kada su bushe, domin masu son Perique suna da yawa kuma za ka sami wanda zai musanya maka da Burley ko Virginia.