Neman shawara: ƙaura daga ESXi 7 zuwa Proxmox da sabar uku ba tare da aiki ya tsaya ba

Abu Hanif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna da sabar uku, Dell R740, kowace da RAM 256 GB, kafar 10G biyu da kafar 1G biyu. ESXi 7, manhajar VMware mai gudanar da kwamfutocin kwaikwayo (VM), ke kansu, da VM 38: 22 Windows ne, 16 Linux, jimillar RAM ɗin da suke ci kusan 420 GB. Faifansu duka yana kan SAN, wato akwatin faifai na tarayya da sabobin ke kaiwa gare shi ta netwok da iSCSI, an cika TB 12 cikin 20. Suwic na 10G biyu ne, ba a haɗe suke ba, an raba netwok ɗin zuwa VLAN shida. Tallafin vSphere 7, kunshin da ESXi 7 ke ciki, ya ƙare a watan Oktoban 2025, lasisin kuma ya koma na biyan shekara-shekara, don haka shugabanni suka ce a koma Proxmox VE, mai yin irin aikin ESXi. Babu kuɗin sabuwar sabar. Ta ina zan fara? In ci gaba da SAN ne ko in koma Ceph, mai haɗa faifan cikin sabobin su zama ma'ajiya ɗaya? Kuma yaya zan tsara netwok ɗin?

Ɗan Zazzau:
Wa'alaikumussalam Injiniya. Lissafin RAM ɗinka ya ba ka hanya: sabar biyu 512 GB ne, kana buƙatar 420, saboda haka za ka iya kwashe VM ɗin sabar ɗaya zuwa sauran biyun, ka goge ta ka sa Proxmox. Amma ka sani, tun daga wannan lokacin har ka rage wa ESXi kaya, in ɗaya daga cikin biyun ta mutu, wadda ta rage ba za ta iya ɗaukar kowa ba. Kafin ka taɓa komai, a samu kwafin ajiya na kowane VM a wajen SAN ɗin, kuma a gwada dawo da aƙalla biyu a ga sun tashi.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne sabar ta biyu. Kulastar Proxmox, wato haɗakar sabobin, da ƙuri'a take aiki, kowace sabar ƙuri'a ɗaya, kuma sai an samu fiye da rabi. In biyu ne kawai, ɗaya ta faɗi, wadda ta rage tana da ɗaya cikin biyu, ba rinjaye ke nan. Nan take /etc/pve zai koma na karatu kawai, ba ka iya tayar da VM ko sauya saiti. Mafita biyu ce: ko dai ka sa QDevice a wata ƙaramar kwamfuta ta ba da ƙuri'a ta uku na ɗan lokaci, ko ka haƙura kada ka kunna HA, tsarin da ke tayar da VM a wata sabar in tasa ta mutu, sai sabar ta uku ta shigo. In ka sa QDevice, cire shi da pvecm qdevice remove kafin ka ƙara ta ukun.

Bakatsine:
Ni da Ceph zan ce ka tafi kai tsaye. SAN ɗaya ce, in ta tsaya kowa ya tsaya. Ceph kuwa kwafi uku yake ajiyewa, ɗaya a kowace sabar, kuma a cikin Proxmox yake, ba sai ka sayi wani lasisi ba.

Ummu Salma:
Malam Bakatsine, a wannan kayan ban goyi bayan Ceph ba. Kwafi uku na nufin TB 12 ɗinsa sai ya samu TB 36 na faifai, kuma ba a son Ceph ya wuce kashi 85 cikin ɗari, a nan yake fara gargaɗi, a 95 ya daina karɓar rubutu. In aka bar wurin girma da na farfaɗowa bayan mutuwar faifai, maganar TB 50 zuwa sama ake yi, kuma SSD irin na kamfanoni masu kariyar ɗaukewar wuta. Na kasuwa masu arha suna rarrafe da zarar Ceph ya tilasta musu tabbatar da kowane rubutu. Ga RAM: kowane OSD, wato manhajar Ceph mai kula da faifai ɗaya, yana neman 4 GB a saitin asali, faifai shida a sabar ɗaya 24 GB ke nan, daga RAM ɗin da dama a matse yake. Sannan katin RAID bai dace da shi ba, HBA yake so, katin da ke miƙa masa faifai kai tsaye. Wanda ya ce ba shi da kuɗin sabuwar sabar, wannan ma ba zai samu ba.

Injiniya, ka ci gaba da SAN ɗinka. Kada dai ka kuskura ka nuna wa Proxmox LUN, wato yankin faifan SAN, da VMFS, tsarin fayil na VMware, ke kai. Yanki sabon LUN daga TB 8 da ya rage, ka sa multipath-tools, mai haɗa hanyoyin zuwa SAN su zama faifai ɗaya, a kowace sabar, ka shigar da lambar WWID ɗinsa, ka tabbatar multipath -ll yana nuna duk hanyoyin a raye. Sai ka gina LVM, tsarin Linux na yanka faifai, a kan /dev/mapper/mpath, ba a kan /dev/sdb ba, domin /dev/sdb hanya ɗaya ce tak, in kebul ɗinta ya fita faifan ya ɓace. Wajen ƙara shi a Proxmox ka zaɓi cewa na tarayya ne. Duk rukunin VM da ya ƙaura, ka rushe tsohon LUN ɗin da ya zama fanko ka mayar da wurin ɓangaren Proxmox.

Abin da za ka rasa: LVM mai kauri yana cinye girman faifai gaba ɗaya tun farko, don haka ka yi lissafi da girman da aka ba kowane VM, ba abin da ya cika ba. A Proxmox 8 kuma babu sinafshot, wato hoton halin da VM yake ciki da ake iya komawa gare shi, a irin wannan ma'ajiya. Proxmox 9, wanda ya fito a watan Agustan 2025, ya kawo shi a matsayin gwaji. Kada ka dogara da shi a kan rumbun bayanan kuɗi, Proxmox Backup Server ka kafa a wata na'ura daban.

Bakatsine:
Hajiya kin yi gaskiya a kan lissafin faifai, ban duba TB 12 ɗin da kyau ba. Na janye. Amma a tabbatar SAN ɗin mai kwantirola biyu ce, kowace da kebul zuwa suwic daban.

Abu Hanif:
Kwantirola biyu ce, Alhamdulillah. Na gode Hajiya. To netwok fa? Niyyata in ɗaure kafar 10G biyun da LACP, su zama kamar kafa ɗaya, in zuba komai a kai, kowane da VLAN ɗinsa.

Baban Ilham:
A'a ɗan'uwa, nan ne ainihin haɗarin, ya fi sauya faifan VM nesa ba kusa ba. Na farko, LACP ba ya aiki tsakanin suwic biyu da ba a haɗa su da MLAG ko sitakin, masu mayar da su kamar suwic ɗaya, ba, domin kowane yana ganin kansa shi kaɗai ne. A halin da kake ciki active-backup za ka sa, kafa ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana. Na biyu, ba a ɗora iSCSI a kan ɗaurin kafafu. Kafa biyu daban yake so, kowace da nata jerin IP da nata suwic, multipath ya raba musu aiki. Saboda haka abu ɗaya da zan ce lallai a saya shi ne katin 10G mai kafa biyu ga kowace sabar, guda uku ke nan. Sai tsarin ya zama: 10G biyu na iSCSI, 10G biyu a ɗaure na VM da ƙaurar VM tsakanin sabobi, 1G biyu na Corosync kaɗai.

Corosync shi ne ke ƙirga ƙuri'ar da Ɗan Zazzau ya faɗa. Ba ya cin hanya da yawa, jinkiri ne ba ya jurewa, ana son ya tsaya ƙasa da milisakan 5. In yana kan kebul ɗaya da kwafin ajiya na dare, kebul ya cika, saƙonninsa su makara, sabobin su ɗauka sun rabu da juna. To in HA na kunne, sabar da ta rasa rinjaye tana da mai gadi a cikinta wanda zai sake kunna ta da ƙarfi bayan kusan sakan 60, don kada VM ɗaya ya tashi a wuri biyu ya lalata faifai. In duka ukun suka rasa juna, duka ukun za su sake tashi a lokaci guda, alhali babu abin da ya lalace a cikinsu.

Ka haɗa wannan da yanayin wutarmu. Wuta ta ɗauke, janareta bai kama da wuri ba, sabobi na kan UPS amma suwic ba ya kai, ko yana kan UPS mai mataccen batir. Babban suwic yana ɗaukar mintuna kafin ya gama tashi, mai gadi kuwa minti ɗaya kawai yake jira. Don haka link0, hanyar Corosync ta farko, ya bi ta wani ƙaramin suwic na 1G da ba ya yin komai sai wannan, link1 ya bi ta wani daban, kuma kada su sha wuta daga UPS ɗaya. Gwajinsa: zare kebul ɗin link0, ka duba corosync-cfgtool -s, ka ga link1 ya riƙe.

Batun VLAN kuwa da sauƙi. Gada ɗaya, vmbr0, a kan ɗaurin, ka kunna mata sanin VLAN, lambar kowane VLAN ka rubuta ta a katin netwok na VM ɗin. Abin da kake kira port group a VMware shi ke nan. A bridge-vids ka rubuta shidan da kake amfani da su maimakon 2-4094. IP ɗin gudanarwa ya zauna a vmbr0.10 misali, in 10 ne VLAN ɗin. In za ka sa MTU, wato iyakar girman fakiti, ya zama 9000 a iSCSI, sai ya kasance a sabar da suwic da SAN duka. Gwada da ping -M do -s 8972, ragowar 28 na kan fakiti ne. In wuri ɗaya ya tsaya a 1500, haɗin zai nuna lafiya lau, sai an fara babban rubutu faifai ya daskare.

Ɗan Zazzau:
Saura kwashe VM ɗin kansu. Tun Proxmox 8.2 na watan Afrilun 2024 akwai kayan shigo da VM daga ESXi. Ka haɗa shi da sabar ESXi kai tsaye, ta vCenter, cibiyar gudanarwar VMware, yana da nauyi sosai. Ka haɗe duk sinafshot tukuna, ka kashe VM ɗin, kada kuma ka shigo da fiye da faifai huɗu a lokaci guda. Auna gudun da ƙaramin VM kafin ka yi wa kowa alkawarin lokaci: a 100 MB cikin sakan, faifan 500 GB zai ci kusan awa ɗaya da minti 25. Akwai zaɓin tayar da VM yana cikin shigowa, amma in haɗin ya yanke a tsakiya, duk abin da aka rubuta tun farawa ya tafi, ban ba da shawararsa ga rumbun bayanai ba.

Windows: cire VMware Tools tun yana can, ka rubuta IP da MAC ɗinsa, ka dakatar da BitLocker domin vTPM, inda makullinsa ke ajiye, ba ya ƙaura. In ka tayar da shi a kan VirtIO SCSI, kwantirolar faifai ta Proxmox, kai tsaye, shuɗin allo za ka gani mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Tayar da shi a SATA, ka maƙala masa ɗan faifan 1 GB a VirtIO SCSI, ka sa direba daga virtio-win, ka kashe, sannan ka mayar da babban faifan SCSI ka gyara jerin tashi. Wanda yake UEFI ka ba shi OVMF da faifan EFI. Linux kuma sunan kati ne ke sauyawa, ens192 ya koma ens18, sai ya tashi babu netwok. A dangin Red Hat ka sa direbobin virtio cikin initramfs da dracut kafin ƙaura.

Ummu Salma:
Ƙari biyu. Manhajar da lasisinta ke ɗaure da MAC, ka kwafe tsohon, mai farawa da 00:50:56, ka saka a sabon katin, kuma kada tsohon VM ya sake tashi a ESXi, in ba haka ba MAC ɗaya zai bayyana a kafa biyu. Sabar Active Directory, mai riƙe da asusun shiga na Windows, kuwa kada ka kwashe ta kamar sauran. Gina sabuwa a Proxmox, ta shiga yankin, a jira ta gama kwafar bayanai, a mayar mata da manyan ayyukan jagoranci biyar da ake kira FSMO, sannan a sauke tsohuwar.

Abu Hanif:
Allah ya saka da alheri. Zan nemi katin 10G uku da ƙananan suwic biyu kafin in goge sabar farko. HA ɗin yaushe zan kunna?

Baban Ilham:
Sai ukun sun shiga kulasta, pvecm status ya nuna ƙuri'a 3 da rinjaye 2. Ka fara da VM ɗin gwaji guda ɗaya a ƙarƙashin HA, ka zare kebul ɗin Corosync biyun daga sabar da yake kai, ka ga ta sake tashi da kanta, shi kuma ya bayyana a wata cikin 'yan mintuna. Daga nan ka kashe babban suwic ɗaya da gangan a ranar da babu aiki, ka tabbatar ba wadda ta motsa. In duka biyun sun yi daidai, sai ka fara shigar da sauran rukuni-rukuni.